Gidan gilashi ko gidan ƙasa: amsa ga mai shirin gini a Kano

"Assalamu alaikum. Na mallaki fili a bayan garin Kano, kuma ina so in fara gini da zarar damina ta wuce. Ni da iyalina mun fi sha'awar irin gidajen da ake yayi yanzu, masu manyan tagogin gilashi da ɓoyayyen rufi, kamar waɗanda muke gani a Abuja da kuma hotunan Dubai. Sai dai wani abokina ya ce mini manyan masu zanen gine-gine na duniya sun koma ginin ƙasa, har ana ba su lambobin yabo a kai. Shin gaskiya ne, ko kuwa yayi ne da zai wuce? Kuma dole ne sai na ɗauki akitek, alhali akwai wanda zai zana mini taswirar gida a kan kuɗi kaɗan?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a filin, ya kuma ba da ikon ginawa. Idan na fahimce ka daidai, kana tambaya ne a kan abubuwa uku: ko salon gilashi ya dace da Kano, ko maganar komawa ginin ƙasa tana da tushe, da kuma amfanin biyan ƙwararren mai zane. A wurina dukkansu suna komawa ga tambaya guda, wadda nake yi wa duk wanda ya zo ofishina da hoton gida a wayarsa: yaya gidan nan zai kasance da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, idan an ɗauke wuta kuma babu mai a janareto? Wanda ya amsa wannan tambaya kafin a haƙa harsashi ya gama rabin aikin zane, domin zaɓi tsakanin bulo da ƙasa da gilashi yana zuwa ne daga baya.

Daga ina salon gilashi ya fito

Ginin da aka lulluɓe da gilashi daga ƙasa har sama ya bunƙasa ne a Amurka da Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ginin Seagram da aka kammala a birnin New York a 1958 yana daga cikin waɗanda suka zama abin koyi ga ofisoshin duniya. Abubuwa biyu ne suka ba wannan salo damar rayuwa. Na farko, a waɗancan ƙasashe hasken rana abin nema ne a yawancin watannin shekara, saboda haka bangon da yake barin rana ta shigo alheri ne a gare su. Na biyu, akwai wutar lantarki mai araha wadda ba ta yankewa, da na'urorin sanyaya ɗaki masu aiki dare da rana. Dubai ta ɗauki salon ne saboda tana da abu na biyu, ba don ya dace da yanayinta ba. Hasumiyar Burj Khalifa, mai tsawon mita 828, wadda aka buɗe a 2010, ba gilashin taga na kasuwa aka sa mata ba. Gilashi ne mai ruɓi biyu da aka shafa wa sinadarin da ke mayar da zafi, ga kuma tsarin sanyaya gini da ba ya hutawa. Ko a can ɗin ma masu zane sun fara ja da baya, domin tagwayen hasumiyoyin Al Bahr da aka gama a Abu Dhabi a 2012 an yi musu wata rigar inuwa daga waje, mai buɗewa da rufewa gwargwadon inda rana take, kuma an ɗauko dabarar ne daga tsohuwar tagar katako mai huda-huda ta gidajen Larabawa.

Abin da yake isowa kasuwanninmu kuwa kamannin ne kawai. Gilashi fari mai falle ɗaya yana barin kusan kashi 80 cikin 100 na zafin rana ya ratsa, kuma idan zafin ya shiga ya sauka a kan tayil da kujeru da bango, ba ya samun hanyar fita da sauƙi. Mai duhu ko mai launin shuɗi yana rage hasken, amma shi kansa yana ɗaukar zafi ya riƙa turara shi cikin ɗaki. Labule ba ya warware matsalar, tunda yana tare rana ne bayan ta riga ta shigo. Shi ya sa za ka ga an kashe kuɗi mai yawa a kan taga mai faɗin bango, sannan an rufe ta da labule mai kauri shekara da shekaru, an kunna fitila da tsakar rana. A da ana iya rufe wannan kuskure da kuɗin mai, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024, gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyi ya zama bashin da mai shi zai riƙa biya kowane wata. Ko sola za ka sa, girman abin da za ka saya ya danganta da yawan zafin da gidan yake tarawa.

Ba ina cewa a guji gilashi ba ne. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ɗauki kashi 20 cikin 100 na faɗin bango a matsayin ma'aunin tagogi, abin da ya haura haka kuma sai an yi masa inuwa. Wannan ma'auni ya isa ya ba ka gida mai haske. Idan kana son taga babba guda ɗaya a falo, a sa ta ta kalli arewa ko kudu, a ƙarƙashin baranda mai zurfi, tana buɗewa zuwa tsakar gida.

Rana, rufi da iska

Kano tana kan kimanin digiri 12 ne a arewacin layin da ya raba duniya biyu, saboda haka da tsakar rana, rana tana kusan tsakiyar ka a yawancin shekara. Wannan yana nufin rufi ne yake shan mafi yawan zafi, sai bangon gabas da safe, sai na yamma daga azahar zuwa la'asar sakaliya, lokacin da iska ta fi zafi. Bangon arewa da na kudu su ne masu sauƙin karewa, domin ɗan leɓen rufi ko baranda ya ishe su. Akwai wani abu da masu kwafo taswira daga Turai suke mantawa: a nan rana tana karkata zuwa arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, don haka bangon arewa ma yana bukatar inuwarsa. Abin da nake fara yi a kowane fili shi ne in shimfiɗa gidan ta yadda dogayen bangayensa za su kalli arewa da kudu, sannan in tura sito da matattakala da garejin mota da banɗakuna zuwa yamma, su zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Da yake mutanenmu suna kula da kada mazaunin banɗaki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, wannan ma a kan takarda ake warware shi, tun kafin mai aikin famfo ya zo ya fara fasa kankare.

Game da rufi, yayi biyu ne suke tafiya yanzu, kuma kowanne yana da nasa aibin. Akwai dogon rufi mai tsini, baƙi ko ruwan toka, wanda tsininsa an yi shi ne domin ƙasashen da ƙanƙara take zuba, launinsa kuma yana zuƙar zafi. Akwai kuma ɓoyayyen rufin da ka ambata, inda ake ɗaga bango ya rufe kwano, ruwa ya taru a kwatar kankare ta bayan bangon. Yana da kyan gani, kuma a Kano yana da wata fa'ida ta gaske, domin guguwar farkon damina ba ta samun bakin kwano balle ta yaye shi. Amma na shiga gidaje da dama da silin ɗinsu ya zubo a damina ta biyu ko ta uku, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: kwatar ta yi ƙanƙanta, ba a ba ta gangara ba, ba a shimfiɗa mata abin hana yoyo ba, ga ƙurar hunturu da leda sun toshe bututun. Ruwan Agusta yana saukowa da yawa a cikin ɗan lokaci, idan bai sami hanya ba sai ya koma cikin ɗaki. Ban da haka, wannan salo yana barin bango tsirara, babu leɓen da zai kare shi daga rana da feshin ruwa. Idan ka nace a kansa, a faɗaɗa kwatar, a yi mata mafita fiye da ɗaya da kuma ramin ambaliya, a kuma yi wa kowace taga hularta ta kankare. Ni dai na fi son kwano mai haske, mai sauƙin gangara, wanda ya fito daga bango da kamar santimita 90, da abin tare zafi a ƙarƙashinsa, da kuma ƙofofin iska tsakanin kwano da silin.

Wani ado da nake gargaɗi a kansa shi ne fallayen alminiyum masu sheƙi da ake liƙa wa fuskar gini. Wasu nau'o'insu suna da roba mai cin wuta a tsakiya, kuma irinsu ne suka yaɗa gobarar hasumiyar Grenfell a Landan a 2017, inda mutane 72 suka rasu. A gidan zama ba su da wani amfani da ya wuce ƙyalli.

Sai maganar iska, wadda ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Taga mai zamiya, wadda ta cika gari yanzu, rabinta kawai take buɗewa, alhali mai marfi tana buɗewa gaba ɗaya. Ɗakin da yake da taga a bango ɗaya kaɗai iska ba ta ratsa shi. A lokacin rani dare yana yin sanyi sosai idan aka kwatanta da rana, kuma gida mai kyau shi ne wanda za a rufe da rana, a buɗe da dare ya sha wannan sanyin. Don haka nakan sa ƙananan tagogi can sama kusa da silin, da ragar sauro da ƙarfen tsaro, waɗanda za a bari a buɗe ana barci ba tare da fargaba ba, a kuma rufe su idan hunturu ya taso da ƙura. Tsakar gida ma tana cikin wannan lissafi. Yawancin sababbin gidaje suna cinye fili daga katanga zuwa katanga, ɗan abin da ya rage a shafe shi da siminti, sai ya zama babu inda mata za su yi girkin suna ko shanya, babu inda yara za su yi wasa, kuma simintin yana riƙe zafi har bayan isha'i. Tsohon tsarin zaure da shigifa da cikin gida ya warware maganar sirri da ta iska a lokaci guda, kuma ana iya mayar da shi cikin gidan zamani: falon baƙi mai ƙofarsa daban, sannan ɗakunan iyali su kewaye fili mai bishiya ɗaya ko biyu, nesa kaɗan da harsashi saboda saiwa.

Gaskiyar maganar ginin ƙasa

Abokinka bai yi ƙarya ba. A 2022 an ba Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso wanda ya yi karatu a Berlin, lambar Pritzker, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a wannan sana'a, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Aikin da ya fara fito da shi makarantar firamare ce a ƙauyensu, an gama ta a 2001, da bulon ƙasa da aka haɗa da ɗan siminti. Abin lura a ginin shi ne yadda ya ɗaga kwano a kan siraran ƙarafa, nesa da silin na ƙasa, ya kuma fito da shi sosai ya rufe bangaye, ta yadda iska mai zafi take fita ta sama. Wato rabin nasarar a rufin take. A shekarar da ta biyo baya, 2023, baje kolin gine-gine na birnin Venice a Italiya ya karrama Demas Nwoko, ɗan Nijeriya wanda ya yi karatu a Zariya, saboda shekarun da ya kwashe yana gini da kayan gida da kuma iskar Allah.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Nijar. Mariam Issoufou, wadda ta fara aiki a fannin kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine, ta yi aiki tare da Yasaman Esmaili a garin Dandaji na jihar Tawa, inda suka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da matsattsen bulon ƙasa, wato wanda ake matsewa a inji, aka kammala a 2018. Kafin nan tana cikin waɗanda suka zana rukunin gidajen Niamey 2000 a birnin Yamai, gidaje masu bene na ma'aikata masu matsakaicin ƙarfi, da irin wannan bulo. Tun kafin su duka, masallacin Yaama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986, kuma mutumin bai taɓa shiga ajin koyon zane ba. Idan aka koma baya sosai, akwai masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, amma ta hanyar jera ta hawa-hawa a cikin bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙai masu tallafe rufi, Babban Gwani ya rufe fili mai faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Saboda haka wannan ba ilimin da aka kawo mana daga waje ba ne.

Dalilin da duniya ta waiwayo shi a fili yake. Sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake saki, ga tsadarsa a ƙasashe irin namu. Sannan bango mai kauri na ƙasa yana jinkirta zafi na sa'o'i da yawa, ta yadda zafin tsakar rana ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin da za a iya buɗe tagogi a kore shi. Bulon siminti mai rami, musamman mai inci 6, ba shi da wannan nauyin.

Amma abin da waɗannan masu zane suke amfani da shi ba tubalin hannu ba ne irin na kakanninmu. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a haɗa ta da siminti kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ko kuma da farar ƙasa idan yumɓu ya yi yawa, a ɗan jiƙa ta, a matse a cikin inji, sannan a rufe bulon ana yayyafa masa ruwa har ya yi kusan mako 4 kafin a ɗora. Injin hannu na farko da ya shahara, CINVA-Ram, an ƙirƙiro shi ne a Kolombiya a shekarun 1950. A Nijeriya cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI ta ƙera irin waɗannan injina, akwai kuma na kamfanin Hydraform na Afirka ta Kudu masu fitar da bulo mai shiga juna. Idan aka yi shi daidai, bulon yana da kaifin baki da launi mai kyau, ba ya bukatar filasta ko fenti, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka jan bulo ne gasasshe.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu zuzuta shi. Babban abokin gabar ƙasa shi ne ruwa, daga sama da daga ƙasa. Dole harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya ɗago daga ƙasa da aƙalla rabin mita, a shimfiɗa abin hana danshi hawa kafin a fara jera bulo. Idan filinka yana cikin kwari ko fadama inda ruwa yake kwanciya, shawarata ka bar maganar, ko ka taƙaita ta ga bangayen ciki. Ruwan damina a nan yakan zo da iska daga gabas, shi ya sa magina na da suke ƙara wa bangon gabas yaɓe da makuba, kuma har yau wannan bangon ne yake bukatar baranda ko filasta. Wannan ne kuma ya sa ginin ƙasa da ɓoyayyen rufi ba su cika jituwa ba. Ba kowace ƙasa ce take yin bulo ba: baƙar laka mai kumbura da tsagewa ba ta yi, rairayi zalla ma ba ya yi, saboda haka sai an gwada. Gara tana bukatar magani tun daga harsashi. Sannan akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, wato a daren bazara, lokacin da iskar waje ma ba ta huce ba, bango mai kauri yana sakin zafin da ya tara, ɗaki ya yi ɗumi. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke kwana a tsakar gida ko a kan soro a wannan lokacin. Fanka da tagogin sama suna rage matsalar, amma kada wani ya yi maka alkawarin cewa ƙasa za ta zame maka na'urar sanyi.

Ta fuskar kuɗi, rangwamen yana samuwa ne idan ƙasar tana cikin filin ko kusa da shi, kuma aka bar bango babu filasta. Idan sai an yi dakon ta da tifa daga nesa, aka yi hayar inji, aka kawo magina daga wani gari, kuɗin yakan zo kusan ɗaya da na bulon siminti. Ƙarancin ƙwararrun hannu shi ne babban cikas. Birkilan da ya saba ɓoye karkatar bango da filasta ba zai ji daɗin aikin da kowane layi yake a bayyane ba. Akwai kuma maganar mutane, wadda ba abin rainawa ba ce. Hassan Fathy na Masar ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubali a shekarun 1940, gini mai kyau da har yau ake karantawa a jami'o'i, amma yawancin mutanen da aka gina domin su ba su yarda sun koma ba. Idan uwargida tana jin cewa gidan ƙasa alamar rashi ne, kada ka rinjaye ta da hotuna. Ku je tare ku shiga wani gini na matsattsen bulo da rana tsaka, ta taɓa bangon da hannunta, sannan ku yanke shawara.

Mai zane na ƙwarai da mai kwafar taswira

A Nijeriya doka ta 1969 ce ta kafa hukumar ARCON, wadda take yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma wanda ba shi da rajistarta ba shi da hurumin kiran kansa akitek. Hanyar tana da tsawo: digiri na farko shekara 4, na biyu shekara 2, sannan aƙalla shekara 2 ana aiki a ƙarƙashin wani babba kafin jarrabawar ƙwarewa. Sashen da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Wanda zai zana maka a kan kuɗi kaɗan yawanci yana da tarin taswirori a kwamfutarsa, sai ya ɗauko ɗaya ya daidaita ta da faɗin filinka. Zai iya fitar maka da hoto mai ɗaukar ido, har da mota a gareji da fitilu a katanga, amma bai je filin ba, bai san ina gabas take ba, bai tambaye ka mutum nawa ne a gidan ba, ko mahaifiyarka za ta zauna tare da ku, ko kana da niyyar ɗora bene nan gaba. Waɗannan tambayoyi su ne ainihin aikin, zanen kuwa sakamakonsu ne.

Ba zan ɓoye maka ba, mu ma muna da namu laifin. Matasa da yawa a cikin sana'ar suna fama da ƙarancin albashi da masu gini da ba sa son biyan kuɗin zane, don haka sun koyi ba mutum abin da ya nuna musu a waya ba tare da gardama ba, tunda wanda ya tsaya bayani a kan rana da iska yakan rasa aikin. Wasu kuma sun koma kwangila, inda ribar take ƙaruwa gwargwadon yawan siminti da rodi. Saboda haka rajista kaɗai ba ta isa shaida ba. Ka tambayi wanda za ka ɗauka ya kai ka gidan da ya zana wanda aka shekara biyu ko uku ana zaune a ciki, ka yi magana da masu gidan ba a gabansa ba. Ka lura ko ya nemi zuwa filinka kafin ya faɗi farashi. Kuma ku yi yarjejeniya a rubuce wadda ta haɗa da duba aiki, domin abin da na fi gani yana lalata gida shi ne a karɓi zane a sallami mai shi, sai magini ya matsar da taga, ɗan kwangila ya rage rodi, wani ɗan uwa ya ba da shawarar a toshe tsakar gida a ƙara ɗaki.

Akwai iyakar da aikina yake tsayawa. Lissafin harsashi da ginshiƙai da dakalin bene aikin injiniyan gini ne mai rajistar COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista, kuma idan za ka hau bene, da ƙasa ko da bulon siminti, sa hannunsa wajibi ne. Haka kuma sai ka sami izinin hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, kafin ka fara. Ni kuma ban ga filinka ba, don haka duk abin da na faɗa sai an auna shi da yadda titi ya bi, da tsayin gidajen maƙwabta, da inda ruwa yake gangarawa.

Da ni ne a matsayinka, zan yi amfani da watannin da suka rage na damina in je filin bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, in ga inda yake taruwa da inda yake bi. Zan sa a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya da rabi a kusurwa biyu, a ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashin ta noma a kai gwaji. Idan ta dace, sai a buga bulo kaɗan a gina ɗakin maigadi ko wani yanki na katanga da shi, wanda zai nuna maka hannun maginan da kuma yadda iyalinka suka karɓi kamanninsa. Idan abin ya gamsar, a yi babban gidan da ginshiƙan kankare, a cike bangayen waje da matsattsen bulo mai kauri, banɗakuna da kicin kuma a yi su da bulon siminti saboda ruwa. Idan bai gamsar ba, ka yi gidanka da bulo mai inci 9 daga wurin masu bugawa da ba sa tauye siminti, ka shafa masa fenti mai haske, ka riƙe tsarin fuskantar rana da rufi mai leɓe da tagogin sama da tsakar gida kamar yadda na bayyana. Kuɗin da za ka kashe a kan bangon gilashi kuma ka mayar da shi kan abin tare zafi na ƙarƙashin kwano da baranda ta yamma.